Baffa Yana Jiran Amsa

Zuwa ga Baffana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kai da Inna kuna lafiya. Ni ƙalau nake, sai dai ƙafafu, don a ɗakin masu karaya da aka mayar da ni, nas ba ta ganin kujera. Gadaje sha huɗu ne, mu biyu, kuma kowane mara lafiya gani yake shi kaɗai aka kwantar.

Baffa, direban motar kayan da ke kawo mini saƙonku ya tona maka asiri. Ya ce jiri ya ɗebe ka a kan tsani kana gina katanga a bayan majami'a, likita ya ce zuciyarka ta kumbura, ka ajiye cokalin gini. Ya ce kwana uku da sallamarka ya gan ka kana kwaɓa siminti. Haba Baffa! Ita katangar nan guduwa za ta yi? Tunda kunnenka ya ƙi waya, to ga faɗana a takarda, ka karanta sau biyu.

Akwai kuma maganar da na daɗe ina haɗiyewa. Tun ina 'yar shekara shida, da Baba ya rasu ka ɗauko ni, ban taɓa ganin ka karɓi Jibin Ubangiji ba. Kai ka gina dandamalin da fasto yake tsayawa, kai kake toshe rufin, amma in aka zo da gurasa da ƙoƙo sai ka naɗe hannu a bencin baya ka sunkuyar da kai. Da ina yarinya na ɗauka ɗanɗanon ne ba ka so. Yanzu na girma, na kuma san abin da kumburin zuciya yake nufi, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, tsoro nake ji. Me kake jira? Ceto kyauta ne, ba a yi masa leburanci. Hannu kawai za ka miƙa.

Ka ce wa Inna ta rage maka gishiri ko da za ka yi mata fushi.

'Yarka, wadda kake kira Uwata.

*

Uwata,

Na amsa gaisuwarki, Allah ya yi miki albarka. Jiki da sauƙi. Ƙafafu ne suke kumbura da yamma, takalmi ya ƙi shiga sai silifas. Innarki ta cire gishiri gaba ɗaya, yanzu ko kyanwar gidan nan ba ta kallon kwanona. Shi kuma direban nan, in ya dawo zan tambaye shi ko kaya aka ɗauke shi ya kai ko gulma.

Wato makaranta ta mayar mini da ke fasto. To madalla. Amma bari tsohon magini ya faɗa miki abin da ya sani. Shekara arba'in da biyar ina gini, ban taɓa ganin bangon da ya tashi don mai gida yana da kirki ba. Mai gida zai ba ka fili, ya ba ka bulo, ya ba ka ruwa. Amma sai wani ya sunkuya ya jera. Ban ce jinin Almasihu bai isa ba, Allah ya tsare bakina. Cewa na yi mutum ba ya zuwa teburin babba da ƙazamin hannu ya ce ai gayyatarsa aka yi. Ke ma an koya miki cewa bangaskiyar da ba ta motsa hannu, ba rai a cikinta.

Katangar baya saura layi shida. Ruwan sama yana shiga ɗakin da yara suke karatun Lahadi, tabarmi duk sun yi funfuna. Ina jera layi ɗaya, in zauna a kan bulo in mayar da numfashi, in sake tashi. Fasto ya kore ni sau biyu, na ce masa shi ya riƙe wa'azinsa, ni in riƙe igiyata. In na gama wannan sai mu duba maganar ƙoƙo.

Ki riƙa cin abinci, a hoton da kika aiko duk wuya na gani.

Baffanki.

*

Baffana,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Lafiya lau nake. Kumburin ƙafar nan ba wasa ba ne, ka riƙa ɗora su a kan matashi, ƙwayar da ke sa fitsari kuma da safe ake sha.

"In na gama wannan." Baffa, na ji wannan maganar lokacin rufi, na ji ta lokacin matakala, na ji ta lokacin rijiya. Majami'ar nan ba za ta taɓa rasa abin gyara ba, kai ma ka sani.

Bari in ba ka labarin gado na bakwai. An kawo mana wani mai gyaran injin niƙa, babur ya yar da shi, cinya ta karye, jini ya zuba har bai san inda yake ba. Wata mata da ta zo duba ƙanwarta, ba ta san shi ba, ba ta ko ga fuskarsa ba, ta miƙa hannu aka ɗebi jininta, ta ɗaura ɗankwalinta ta tafi. Kwana biyu ya farfaɗo. Yanzu da ya fara dogara sanda, shi ne mai miƙa wa maƙwabtansa ruwa, shi ne mai kiran mu in wani ya jiƙe gado. Yana kyautawa, amma Baffa, jinin ya riga ya shiga jikinsa tun yana sume. Hidimar daga baya ta biyo. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Ubangiji, layin bulo nawa ya jera?

Kuma wai wane ƙazamin hannu? Na san ka. Ko kaza aka ba ka yanka sai ka ce kana da uzuri. Me ka yi da ya fi ƙarfin gicciye? Ko mene ne an riga an yafe. Ni kaina, da ni ka yi wa, da na yafe kafin ka rufe baki.

'Yarka.

*

Uwata,

Ina gaishe ki. Jiki ga shi nan. Takardarki ta kwana biyar a aljihuna ina taɓa ta ina fasawa. Layinki na ƙarshe ne ya hana ni sukuni, don kin faɗi abin da ba ki san nauyinsa ba. To zan gaya miki, ki zauna kafin ki ci gaba.

An ce miki rufin kankare ne ya rufta wa babanki saboda siminti mara kyau. Haka kowa ya ce, haka na bari aka ce. Simintin lafiyarsa ƙalau.

In an zuba kankare a sama, akwai itatuwan da ake tokare shi da su daga ƙasa. Sati uku ake barinsu, duk magini ya san wannan, ɗan koyo ma ya sani. A lokacin na karɓi aiki biyu, itatuwan kuma saiti ɗaya nake da su, mai ɗaya ginin yana ta zuwa yana yi mini tsiya a gaban leburori. Ranar kwana tara na je da sassafe, na ƙwanƙwasa kankaren da guduma, na ji yana amsawa, na ce ai ya kama. Na san ƙarya nake yi wa kaina. Na zare rabin itatuwan na loda a amalanke. Babanki ya iso ina ɗaurewa, ya dubi sama, ya ce, "Yaya, bai yi wuri ba?" Na ce masa, "Ni na koya maka gini ko kai ka koya mini? Shiga ka yi yaɓenka." Ya yi dariya ya shiga da bokitinsa. Ban kai kwanar titi ba na ji ƙarar.

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya tambaye ni, na rufe masa baki da girma. Innarki kaɗai na gaya wa, sai fasto na wancan lokacin, shi kuma ya ce mini abin da kika ce. Na ji da kunne, amma ranar Lahadi da ƙoƙon ya iso gabana sai na ga ƙurar siminti a gashin babanki, hannuna ya ƙi tashi. Tun daga ranar, duk abin da na yi a duniya, ramin nan nake ƙoƙarin cikewa. Shekara ashirin da biyu ina zuba ƙasa, ban ji ta taɓa ƙasan ramin ba.

Yanzu kin sani. Na ji tsoron Allah shekaru da yawa, amma yau tsoronki ya fi yi mini nauyi.

Baffanki, in har yanzu kin yarda.

*

Baffa,

Na sami takardarka. Lafiyata ƙalau.

Na karanta ta a ɗakin ajiye zannuwan gado, a tsaye, na fito na ba gado na uku maganin gado na huɗu, Allah ya sa abokiyar aikina ta riƙe hannuna. Shekara ashirin da biyu ina tsine wa mai sayar da siminti da ban taɓa gani ba. Ka zauna kusa da ni ina yi, ba ka ce komai ba.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Ka ce duk abin da ka yi tun daga ranar, rami kake cikewa. Duk. Wato goyon da ka yi mini zuwa asibiti da na yi ƙyanda, ƙasa ce kake zubawa? Kitson da ka koya da yatsunka na magini lokacin da Inna ta kwanta jinya, 'yan ajinmu suna yi mini dariya ni kuwa ina taƙama, shi ma? Ni na ɗauka sona kake yi. Ashe ni ma aiki ce, kamar rufi, kamar rijiya.

Kar ka tambaye ni maganar yafiya yanzu. Na san abin da na rubuta maka. Ban san haka take ba.

*

Uwata,

Ina gaishe ki, ko ba ki amsa ba. Numfashi ya ɗan matsa, yanzu a zaune nake barci.

Kin yi mini tambaya, ba zan sake yi miki ƙarya ba. Ranar da na ɗauko ki, e, laifi ne ya ɗauko ki. Mahaifiyarki ta riga babanki tafiya, ba kowa, kina zaune a bakin ƙofa da takalmi ƙafa ɗaya, na ce wannan ce hukuncina. Wata uku ba na iya kallon idonki. Amma wata rana na dawo daga aiki, kika rugo kika rungume ƙafata duk siminti, kika ce na daɗe. Ban san lokacin da abin ya juya ba. Na dai san kitson nan ba don Allah ya gani na yi ba. Hasali ma kunyar Allah nake ji duk lokacin da kika sa ni dariya, don ina ganin ban cancanci daɗin ba. In akwai abu ɗaya a rayuwata da na samu ban yi masa aiki ba, ke ce. Alƙalamina ne ya yi gaggawa da ya ce duk.

Ba zan roƙe ki ba. Amma ki gane ni. Kin ce sama ta yafe kyauta. To, wanda na kashe ba ya nan da zan durƙusa masa, ke kaɗai ya bari. In 'yarsa ba ta iya ba, da wane ido zan miƙa hannu in ce Allah ya iya? Zan jira amsarki, ko wace iri ce.

Baffanki.

*

Uwata,

Innarki ce take rubutawa, ni ina faɗa, hannu ya soma rawa. Sati bakwai ke nan. Ina fata lafiya ce ta ɓoye ki.

Direba ya zo sau uku. Yanzu tun daga nesa yake girgiza mini kai don kar in wahala tashi. Na hana Innarki ta kira ki a waya, ba na so a ciro magana daga bakinki da ƙarfi. Shirun ma amsa ce, na ji ta, kuma ban ga laifinki ba.

Katanga ta tsaya a saura layi biyu. An rufa leda.

Ki riƙa cin abinci.

*

Baffana,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Yaya numfashin? Ka yafe mini shirun.

Wata biyu ina ƙoƙarin haɗa maka yafiya mai kyau, cikakkiya, wadda ba ɗaci a ciki. Na yi azumi, na yi addu'a a durƙushe a kan simintin ɗakina har gwiwa ta yi baƙi. Kullum in ce gobe zuciyata za ta wanke sai in rubuta. Gobe ta zo, in tuna Baba yana cewa bai yi wuri ba, sai in ji kamar in fasa kofin da ke hannuna. Ni mai wa'azin kyauta, da aka zo kaina sai na ce a dakata sai na shirya. Gadonka na yi, Baffa, ban sani ba.

To na daina jira. Na yafe maka. Har yanzu ina jin haushi, wataƙila gobe ma in ji, amma na yafe, kuma ba zan janye ba. Ba don katanga ba, ba don riƙon da ka yi mini ba. Haka kawai, don kai Baffana ne kuma ina son ka. In ni da zuciyata ƙarama na iya wannan rabi-rabin, ka bar Allah ya yi nasa cikakke.

Ka sa a kira fasto ya kawo maka Jibi har gida. Ka sha. In na sami hutu ƙarshen wata zan zo in ga idonka.

Wannan takardar ma ta yi sati biyu a jakata, yau dai na ba direba.

'Yarka, Uwarka.

*

'Yata,

Ni ce Innarki. Ina gaishe ki, ya haƙuri. Ni ina nan, mutane sun watse, gidan ya yi girma. Tunda kin daina ɗaga wayata, ga takarda, ita ba ki da yadda za ki kashe ta.

Kin ji rasuwar amma ba ki ji yadda aka yi ba, kuma gara ki ji daga bakina. Ranar Lahadi da yamma fasto ya zo da gurasa a naɗe cikin farin ƙyalle, ba wanda ya kira shi. Ya zauna a bakin gado, ya buɗe. Baffanki ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya ce, "Direba ya zo?" Na ce bai zo ba. Ya ce wa fasto a bari sai Lahadi mai zuwa. Fasto ya yi magana har muryarsa ta shaƙe, ni kuma na yi faɗan da ban taɓa yi masa ba a shekara arba'in, na ce masa taurin kan nan ba tuba ba ne, girman kai ne ya sa rigar tuba. Ya ce wataƙila. Ya rufe ido. Fasto ya naɗe ƙyallensa ya tafi da shi.

Ranar Laraba ina goge masa jiki ya ce, "Katangar nan ba zan gama ba." Na ce to. Ya ce, "Ashe haka zan tafi, ban cike komai ba." Na ce masa, "Malam, da can ma wa ya ce ka cike?" Na ɗauka barci ya ɗauke shi. Can sai na ji yana magana, ba da ni ba. Ya ce, "Ubangiji, ga ni. Ban kawo komai ba." Sau biyu ya faɗa. Da safiyar Alhamis na fita ɗora ruwan zafi, na dawo na tarar ya tafi.

Takardarki ta iso Asabar, washegarin jana'iza. Direba ya kasa shigowa, a hannun maƙwabciya ya bari. Na buɗe, na zauna a ɗakinsa na karanta da ƙarfi tun daga gaisuwa har ƙarshe, kamar mai kunne yana nan. Na yi kuka, na kuma ji haushinki, ba zan ɓoye ba. Sati biyu a jaka! Amma shi ma shekara ashirin da biyu ya ajiye tasa maganar.

Bai sha ƙoƙon ba, 'yata. Wannan ba zan iya gyara miki shi ba. Na tambayi fasto ko addu'ar nan ta Laraba ta isa, ya ce ita ce kaɗai addu'ar da ta taɓa isa. Ni ba malama ba ce. Abin da na sani shi ne, ranar ce ta farko da na ga ya roƙi abu bai ce zai rama ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Abokiyar ɗakinki ta kira ni. Ta ce kina cewa ke kika hana shi shan ƙoƙon. Ta ce kin karɓi aikin mutum biyu, kin ƙi hutu, ba kya cin abinci sai a tsaye. Ta ce ranar Lahadi da aka zo da ƙoƙo kin koma bencin baya kin naɗe hannu.

Na san wannan zaman. Na san inda yake farawa, na ga inda yake ƙarewa, ni na rufe masa ido. Kin yi jinkiri, gaskiya ne, kuma zai yi miki ciwo har ki tsufa. Ki bar shi ya yi ciwon, amma kar ki ce za ki cike shi da aiki. Ni na yafe miki, tun kafin ki tambaya, kuma ban gama jin haushinki ba.

Lahadi mai zuwa ki tashi daga bencin nan ki je gaba ki karɓa, ko kina kuka, ko ba ki ji kin isa ba. Sannan ki hau mota ki zo gida. Na yi shekara ashirin da biyu ina zaune kusa da mai jira, 'yata. Ba ni da ƙarfin na biyu.

Innarki.